Gawayi Mai Nauyi

Kunzori, 9 ga Janairu, 2022

Zuwa ga yayata Hadija, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da duk mutanen gidan Malam. Mu ma nan lafiya lau, sai tarin nan nawa da ya ƙi barina, amma da sauƙi.

Kada ki yi fushi da kika yi ta kira ba ki same ni ba. Wayata ta mutu tun makon jiya, kuma sai ranar kasuwar Walewale ake haɗa wayoyin gari cikin leda ɗaya a ba mai babur ya kai caji. Shi ya sa na koma takarda. Zan ba Moro direba, tunda duk Alhamis yana sauke masara a kasuwar Race Course, kusa da inda kike sayar da gawayi.

Ga labari. Wani ma'aikaci ya zo daga gunduma da farar mota, ya tara mu a ƙofar sarki. Ya ce idan garin ya sayi turakun wuta arba'in da kansa ya kafa, su kuma za su kawo waya da taransifoma. An naɗa maigidana, Baban Mubarika, sakataren kwamiti, yanzu ko gona zai je sai da biro a aljihu.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, na sa rai. Shekara goma sha tara ke nan da na biyo shi garinsu, ina kallon manyan wayoyin nan da suka ratsa ta saman gonarmu suka wuce arewa. Idan ina tsintar kaɗanya a ƙarƙashinsu ina jin ƙuginsu kamar na zuma, amma ko ɗigo ba ya sauko mana. Ni ba fanka nake so ba, ba talabijin ba. Injin niƙa nake so. Yanzu sai na ɗora soyayyiyar ƙwarar kaɗanya a ka, in yi tafiyar awa uku zuwa inda inji yake, in tarar da layi, in dawo da ita a ka. Matan can masu wuta a ƙofar gida sun ninka ni man kaɗe sau uku, kuma kasuwa ɗaya muke kaiwa.

Maza sun ce gawayi za su ƙona su sayi turakun. Busassun itatuwa kawai, domin dokar Tindana, wato mai ƙasar nan, tana nan daram: ba a saran ɗanyar kaɗanya, sai wadda ta mutu da kanta. To ko za ki riƙa karɓar namu?

Bishiyoyina ashirin da uku, waɗanda marigayiya surukata ta nuna min da sandarta ta ce nawa ne, duk sun yi fure bana. Su ne cinmu kafin sabon hatsi ya nuna, su ne littafin 'yata Mubarika da sabulunta a makarantar kwana. In Allah ya kawo inji, sai kin gaji da karɓar man kaɗe.

Ki gaishe min da kowa da kowa. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Alima

Zango, Kumasi, 15 ga Janairu, 2022

Alima 'yar ƙauye,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki, duk ta sha baƙin mai a aljihun Moro. Muna lafiya, yara suna gaishe ki.

Ke dai kin sa ni dariya. Matar sakatare! To Allah ya ƙara girma, kada ku manta da mu. Zancen wuta kuwa, kada ki ɗauka mu a nan aljanna muke. Jiya dumso, wato ɗauke wuta, ta yi mana awa huɗu cur, ƙanƙarar Ummu Salma maƙwabciyata ta narke, ta fito tsakar gida ta yi ta zagi da Hausa da Asanti har muryarta ta dushe. Na ce zo ki zauna, na karanta mata takardarki. Da na kai wurin shekara goma sha tara sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Gawayi kuwa, kin faɗo a kan gaɓa. Gas ya yi tsadar da duk 'yan gayun unguwar Manhyia, masu cewa gawayi ƙazanta ne, sun fito da tsofaffin kurfotinsu, murhun gawayi, suna layi a gabana. Ku aiko, ko buhu ɗari ne zan karɓa. Amma ki gaya wa mijin nan naki Iddi, ba na son mara nauyi mai tartsatsi. Mutanen nan ba sa wasa da kuɗinsu. Sai sun ɗaga buhu, sun girgiza, sun kara kunne kamar masu sayen agogo.

Na ba Moro maganin tari da kwalbar zuma. Ki rage tsayawa a kan hayaƙin suyar ƙwara. Na san ba za ki ji ba, kunnen ƙashi gare ki tun muna makarantar Baba.

Allah ya kawo muku wutar, mu ma mu zo ƙauye shan fanka.

Yayarki,
Hadija

Zango, Kumasi, 20 ga Mayu, 2022

Malam Iddi sakatare,

Sallama da gaisuwa, yaya aikin kwamiti? Wannan taka ce, ba sai ka nuna wa Alima ba, zancen kasuwa ne kawai.

A lodin da ya wuce akwai buhu shida masu alamar jan ƙyalle, daban suke da sauran. Baƙi wuluk, ga nauyi, in ka buga biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Wata Maame Akosua mai gidan abinci a Sofoline ta ɗauki ɗaya, ta zuba a kurfoti da safe, har azahar bai mutu ba. Washegari ta zo da gudu tana "Hajiya, mepa wo kyew," wato don Allah, ta ce duk irinsa da ya zo nata ne, kuma ta ninka farashi da bakinta. Na tambayi Moro, ya ce kaɗanya ce.

Na san dokarku. Ni ban ce a sare ɗanya ba, Allah ya kiyaye. Amma daji da faɗi yake, kai kuma mai ido ne. Da gawayin ƙirare sai ku shekara biyar ba ku haɗa turke arba'in ba, kafin nan ma'aikacin naku ya manta hanyar garinku. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Ka gaida mutanen gida.

Hadija

Kunzori, 13 ga Nuwamba, 2022

Zuwa ga yayata Hadija.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na gode da zumar da kike ta aikowa, Allah ya saka da alheri.

Turaku sun kai goma sha bakwai, suna kwance a bayan masallaci. Wannan shi ne labari mai daɗi, ba ni da wani.

Yaya, wata cuta ta shigo wa kaɗanya. Sai ki ga bishiya lafiyayya, ganyenta ya fara ja daga sama, ya bushe a jikin reshe ko faɗuwa ba ya yi. Ba tawa kaɗai ba, gonaki bakwai ne. Tindana ya yanka kaji, ba ta tsaya ba. An aika wa malamin gona sau biyu, ya ce babur ɗinsa ba mai. Tsofaffi suna cewa ƙugin manyan wayoyin ne ya fara cin ƙasa.

Nawa biyar sun tafi. Cikinsu har da wadda muke kira Mai Zuma, wadda 'ya'yanta suka fi na kowa zaƙi, yara har faɗa suke a gindinta. Tindana ya zo ya kankare ta da wuƙa, ya ga ba ruwa, ya ce ta mutu, a yi amfani da ita. Baban Mubarika ya ce in yi haƙuri, ko ba komai za ta zama turke. Ni da kaina na yanko ciyawar da aka lulluɓe ta da ita kafin a zuba ƙasa a sa wuta. Kwana huɗu tana hayaƙi, ina hango shi daga bakin murhuna.

Ina jin tsoro, Yaya. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, idan injin ya zo, me zan niƙa? Ki sa a yi mana addu'a a gidan Malam.

Ƙanwarki,
Alima

Kunzori, 5 ga Fabrairu, 2023

Zuwa ga Yaya Hadija mai daraja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da godiya kan ɗawainiyar da kike yi da garinmu, na rubuto ne saboda wata magana da ta fi ƙarfin cikina. Kin tambayi Moro cutar da ke kashe kaɗanya, ya ce ki tambaye ni. To ga amsa.

Bayan takardarki ta watan Mayu, kwamiti ya zauna, mu bakwai. Busasshen ice ya riga ya ƙare a duk inda amalanke ke iya kaiwa. Muka yarda kowa ya fara da gonarsa, don kada a ce an cuci wani. Akan tone gindin bishiya kamu ɗaya, a ɓare ɓawon a zagaye, a mayar da ƙasa a tattake. Bayan wata huɗu ko biyar Tindana da kansa zai zo ya duba ya ce ta mutu. Ba mu karya doka ba, ba mu sare ɗanya ba. Haka muka gaya wa juna.

Ni ne sakatare, ba zai yiwu in ce wa wasu su ba da biyar ni in ba da biyu ba. Na Alima goma sha ɗaya ne suka tafi zuwa yau. Turaku talatin da ɗaya ke ƙasa, saura tara.

Ba don biro ko suna na yi ba, Allah ya sani. A daminar da ta wuce na ga jini a bakin zanenta, inda take toshe baki in tari ya taso. Ta ɓoye, ni ma na yi kamar ban gani ba. Asibitinmu ɗaki ɗaya ne, ko firjin allura babu. Macen nan ba za ta ƙara shekara biyar tana wannan tafiya da kaya a ka ba. Bishiya takan sake fitowa, mutum ba ya fitowa.

Ina roƙon ki da girman Allah kada ki gaya mata. Ranar da aka kunna wuta zan gaya mata da bakina.

Wassalam.

Naki,
Iddi Sumaila

Zango, Kumasi, 12 ga Maris, 2023

Alima,

Sallama. Muna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, kasuwa ce ta riƙe ni.

An yi muku addu'a. Ga atamfa turmi ɗaya na Salla, ke da Mubarika. Me zai hana ki zo nan ki yi azumi da mu, a kai ki babban asibiti a duba ƙirjin nan? Ba sai kin kawo komai ba.

Zancen cutar itace kuwa, ni ban san kan gona ba. Amma da ni ce ke, da na riƙa zagaya gonar da kaina kullum. In duba kowace ɗaya sosai, tun daga sama har ƙasa. Har ƙasa, Alima.

Ki ce da Iddi lodin jiya ya iso lafiya.

Yayarki,
Hadija

Kunzori, 18 ga Yuni, 2023

Yaya Hadija,

Salamu alaikum.

Ranar Talata an yi ruwa mai ƙarfi, ya zaizaye gefen gona. Na fita tsinta da safe, sai na ga wani fari a gindin wata bishiya, inda ƙasa ta wanke. Na tuna maganarki, na ajiye kwano na tona da hannu. An ɓare ta a zagaye, tsaf, aikin mai natsuwa. Na bi sauran goma sha ɗaya ina tonawa har farcena ya fashe. Bakwai an yi musu, da wadda na fara gani. Ganyensu kore shar, suna ta zubo min da 'ya'ya, ba su san sun mutu ba.

Na same shi a bayan masallaci yana shafa wa turaku maganin gara. Na ce, "Baban Mubarika, wace cuta ce ke riƙe adda?" Ya ajiye gwangwanin, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Saura turke huɗu, Alima." Na ce wa ya kawo wannan shawara? Ya ce shi ne. Ban yarda ba, domin na san shi, ko kaza sai ya yi kwana biyu yana tunani kafin ya yanka. Da ya tafi salla na buɗe jakar kwamiti, na ga rubutunki, da kwafin takardar da ya rubuta miki a Fabrairu.

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, ko? To na tona, Yaya.

Ke kika goya ni. Kin san abin da itatuwan nan suke a wurina, domin ni na rubuta miki da hannuna. Kika san gaskiya tun Fabrairu, kika aiko min da atamfa, kika ce in gaya masa lodi ya iso lafiya. Har ni ce ma 'yar aiken.

Ba zan iya kai ƙara wurin Tindana ba, mijina za a tozarta a gaban gari, da shi da maza shida. Na kwaɓa kashin shanu da yumɓu na shafe raunukan, na ɗaure da tsumma. Wata tsohuwa ta gan ni, ta ce in daina wahalar da kaina.

Raina ya ɓaci da ke, ɓacin da ban taɓa yi da wani mahaluƙi ba. Kada ki ƙara aiko min da komai.

Alima

Zango, Kumasi, 2 ga Yuli, 2023

Ƙanwata Alima,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki a tsaye a bakin mota, sai da Moro ya kawo min benci.

Ba ni da bakin kare kaina. Da na rubuta wa Iddi na san abin da nake nufi, na dai zaɓi kalmomin da zan iya musantawa ne. Na ce wa zuciyata taimakon garinku nake yi, kuma riba tana shigowa, sai zuciyar ta yarda da sauri. Ki yafe min don Allah, ko ba yanzu ba.

Na daina karɓar gawayin Kunzori tun ranar. Na je Sofoline na gaya wa Maame Akosua dalili, na zaci za ta ji tausayi. Ta ce, "Ei, Hajiya, to da me zan dafa? Da hawaye?" Kafin in kai gida ta riga ta kira Moro da kanta. Yanzu na ji mota uku ke shiga garinku, biyu ban ma san masu su ba. Na buɗe ƙofa, kuma ba ni da ƙarfin rufe ta.

Jiya na tsaya ina kallon titinmu. Kowane shago da ƙwan lantarki a kunne da rana tsaka, mai aski da fanka biyu, mai kifi da firji. A gaban kowane shago kuma ga kurfoti yana ci. Mu ne da wuta, mu ne da gas, kuma mu ne muke cinye icenku. Shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa tambayar buhu daga gonar wa ya fito ba, sai da ya fito daga taki.

Ɗakina yana nan, ki zo a duba ƙirjinki. Ko zagi ne ki rubuto, zan karɓa.

Yayarki,
Hadija

Kunzori, 10 ga Maris, 2024

Zuwa ga Yaya Hadija mai daraja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, na san Alima ba ta amsa takardunki uku ba. Tana nan, tana dafa abinci, tana amsa sallama. Abin da ya wuce haka ba ta yi da ni.

Turke arba'in sun tsaya tun watan Disamba. Mun kafa su a jere daga bakin hanya har ƙofar asibiti. Na yi sawu shida zuwa gunduma kafin a turo mutum ranar Litinin da ta wuce. Ba na farkon ba ne, wancan an yi masa canjin wurin aiki. Wannan ya zagaya, ya bubbuga turakun ya ce masu kyau ne. Sannan ya buɗe takarda ya ce sai garin da ya kai mutum ɗari biyar ake ja wa waya, ƙasa da haka asara ce.

Muka bi gida gida da shi. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ya samu. Na ce masa, ranka ya daɗe, lokacin da aka yi mana alkawari mun haura ɗari biyar da sittin. Ya ce to ina suka tafi? Ni kuwa na san inda suka tafi. Da kaɗanya ta ƙare, mata da 'yan mata ba su da abin yi da damina, sun gangaro Techiman da Kumasi ɗaukar kaya. Samari sun tafi ramin zinariya. Ya ce ba laifinsa ba ne, haka tsarin yake, in mun cika mu sanar. Ya sha ruwa ya tafi.

Alfarma biyu nake nema. 'Yan matanmu da kike gani da kwano a Race Course, ki gaya musu su dawo ko na wata ɗaya ne, a sake ƙirga. Na biyu, idan Alima ta ce za ta zo, ki lallashe ta ta zauna. Yanzu kowane kai ɗaya abin nema ne. Na san ban cancanci in roƙi wannan ba.

Wassalam.

Naki,
Iddi Sumaila

Kunzori, 26 ga Mayu, 2024

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ga takardunki duka. Na yafe miki, ba ni da ƙarfin riƙe ki.

Biyar ɗin da suka rage min su ma sun bushe. Wannan karon ba Baban Mubarika ba ne, masu neman gawayi sun yi yawa a garin, kuma ban tona ba. Damina ta sauka, jiya na fita da kwano don sabo, na zagaya gonar na dawo da shi yadda na fita da shi. Mubarika saura mata shekara ɗaya a makaranta, ba zan cire ta ba.

Babanta ya roƙe ni in jira a sake ƙirga, har da kuka. Na ce masa ya rubuta ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

Ina tafe ranar Laraba a motar Moro. Ba asibiti zan zo ba, kuma ba zaman ɗakinki ba. Ki saya min babban kwanon kayayo, irin na mata 'yan dako, da zane mai kauri na gammo. Abu ɗaya nake roƙo, ki nema min kasuwar da ke nesa da Zango, inda ba wanda zai gane ni.

Sai na iso.

Alima